Hotunan Kamu da Suka Salwanta: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Situdiyo a Jos

Wata Talata da hantsi, cikin sanyin hunturun nan na Jos da ke sa yatsu su ƙage, wani mai ɗaukar hoto da muka daɗe muna hulɗa ya shigo shagona kusa da Terminus. Ɗan 'yar uwarsa yana biye da shi, kai a sunkuye. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya zube abu uku a kan tebur: katin kyamara mai gigabait 64, filash mai gigabait 32, da laftof. Ya ce, "Injiniya, bikin mutane ne a nan ciki, aikin kwana uku. Uwar amarya ta kira ni sau huɗu tun jiya, ban ɗauka ba."

Gyaran kwamfuta nake yi, kuma da wuya wata ya wuce ba a kawo mini irin wannan kuka ba. Amma wannan ya tsaya mini a rai, domin hotuna iri ɗaya ne suka zauna a wurare uku, aka goge su a duka ukun, kuma kowane wuri ya ba mu sakamako dabam. Da izinin mai situdiyon na rubuta, na sakaya sunayen kowa.

Yadda aka yi

Bikin wata yarinya ce a Rikkos. Kamu ranar Juma'a, ɗaurin aure da walima Asabar, buɗar kai Lahadi. Kafin a fara, mai situdiyon ya yi wa katin fomat a cikin kyamara, wato ya share shi ya zama kamar sabo, ya ɗauki komai a kansa. Daga lambobin da kyamara ke ba hotuna, mun lissafa 2,140 ne gaba ɗaya, 580 daga ciki na kamu.

Daren Juma'a ya kwafi hotunan kamu zuwa laftof, ya zaɓi 14 ya tura wa babbar ƙawar amarya ta WhatsApp don su sa a sitatus. Safiyar Asabar laftof ta fara kukan cika, faifanta gigabait 128 ne kacal, sai ya goge foldar, ya kuma zubar da kwandon shara na kwamfuta, wato Recycle Bin. Bai ga laifin hakan ba tunda asalin hotunan yana kan kati.

Daren Lahadi ya dawo a gajiye, ya miƙa wa yaron kati da filash. Ya ce, "Kwafe komai a nan, ka share katin, gobe da sassafe akwai suna a Gangare." Ya tafi gida.

Yaron ba sakarai ba ne. Shekara biyu yana situdiyon, shi ke gyaran launi, shi ke shirya albom. Ya kwafi foldar hotuna daga kati zuwa filash, ya jira ta gama, ya buɗe wasu ya tabbatar suna nan. Sannan ya koma kan kati ya zaɓi komai ya goge. Tambaya ta fito a allo, ya amsa da eh. Har nan bai kauce wa abin da kawunsa ya ce ba. Daga nan ya canza wa foldar da ke filash suna zuwa na amarya, ya yi kuskuren harafi, ya danna Ctrl+Z, maɓallin warware aikin ƙarshe. Filash ɗin mai nauyi ne, bai ga sunan ya koma nan take ba, sai ya sake dannawa. Ya ce mini wani ɗan akwati ya fito yana gudu, kafin ya gane me ke faruwa, filash ya koma wayam. Ya danna Ctrl+Y don ya maimaita abin da ya warware, kwamfuta ta ce ba ta ga fayilolin ba. Ya buɗe kwandon shara, babu komai.

Abin da Ctrl+Z yake yi a cikin folda

Yawancinmu a Word muka koyi Ctrl+Z, kuma a can ya ba mu wata irin nutsuwa: ka goge shafi guda, ka danna, ya dawo. Wannan yana yiwuwa ne saboda Word tana riƙe da rubutun da ka goge a ƙwaƙwalwar kwamfuta muddin takardar tana buɗe. Sai muka ɗauki nutsuwar nan muka kai ta File Explorer, inda muke kwafa da gogewa da matsar da fayiloli, muna zaton maɓallin yana mayar da hannun agogo baya.

File Explorer ba ta ajiye fayilolinka a gefe don jiran nadamarka. Abin da take riƙewa jerin ayyukan da ka yi ne, idan ka danna Ctrl+Z sai ta aikata kishiyar na ƙarshe. Ka canza suna, ta mayar da tsohon suna. Ka matsar da fayil, ta mayar da shi inda ya fito. Ka jefa abu a kwandon shara, ta tsamo shi. To mene ne kishiyar kwafa? Goge abin da aka kwafa. Manhajar tana ɗauka asalin yana nan inda yake, saboda haka a lissafinta ba ta yi maka asara ba. Ba ta komawa ta duba ko asalin yana raye.

Akwai kuma ayyukan da ba sa shiga jerin ko kaɗan, domin ba su da kishiyar da za a iya aikatawa. Gogewa ta dindindin tana cikinsu, haka fomat. Idan ka kwafi fayil a kan wani mai suna iri ɗaya ka yarda a maye gurbinsa, Ctrl+Z ba zai dawo maka da tsohon ba. Abin da wata manhaja ta goge, ko kyamara, ko waya, File Explorer ba ta san da shi ba. Jerin kansa ba ya ketare kashe kwamfuta, da an kunna sabo ake farawa.

To dubi jerin yaron nan a daren Lahadi. Abu uku ya yi: kwafa, gogewar kati, canza suna. Biyu ne kawai a jerin, domin gogewar kati ta dindindin ce. Dannawar farko ta warware suna. Ta biyu ta tsallake gogewar, wadda ba ta san da ita ba, ta faɗa kan kwafa. Ctrl+Y kuwa umarni ne na a sake kwafa daga kati, kati kuma an riga an share shi.

Wani abu da ke ba ni tsoro game da wannan maɓalli: jerin guda ɗaya ne ga duk tagogin folda da fuskar kwamfuta. Kana iya kwafar aiki da safe, da rana kana rubutu a Word, linzami ya taɓa fuskar kwamfuta ba ka lura ba, ka danna Ctrl+Z da nufin gyara kalma, ashe kwafar safe ka warware. Na ga hakan a wurin masu buga takardu fiye da sau ɗaya. Akwai hanya mai sauƙi ta sanin abin da zai faru kafin ya faru. Ka danna ɓangaren dama na linzami a fili cikin folda, za ka ga an rubuta sunan aikin da za a warware. Idan ka ga Undo Rename, suna ne. Idan ka ga Undo Copy, ka janye hannunka ka yi tunani.

Me ya sa kwandon shara bai cece shi ba

Kwandon shara ya zo ne da Windows 95, kuma abin da ke cikinsa ba gogagge ba ne. Matsar da shi aka yi zuwa wata ɓoyayyiyar folda a kan faifan, aka rubuta inda ya fito da lokacin da aka jefa shi. Shi ya sa dawo da shi ba wuya. Sai dai Windows ba ta yi wa filash da katin kyamara kwando. Faifan cikin kwamfuta yana da shi, babban faifan waje da ake jonawa da USB shi ma yana da shi, amma filash da kati babu. Foldar da ke kan wata kwamfutar ofis wadda kake shiga ta layin sadarwa ita ma haka. Wanda ya haɗa Shift da Delete ya tsallake kwandon da gangan, fayil da ya fi ƙarfin kwandon girma kuma za a tambaye ka ko a goge shi gaba ɗaya. Kwamfutocin Mac da na Linux sukan buɗe ɓoyayyen kwando a kan filash, saboda haka wanda ya saba da su ya dawo Windows yana iya faɗawa rami.

Windows takan yi gargaɗi kafin gogewa ta dindindin, wannan gaskiya ne. Amma gargaɗin galibi da Turanci yake zuwa, a cikin akwati mai kama da sauran akwatuna ɗari da yaran shago ke amsawa kullum ba su karanta ba. Kalma ɗaya ce alamarsa, permanently, wato dindindin. Ban ga laifin yaro ɗan shekara 19 da ƙarfe sha ɗayan dare ba idan idonsa ya wuce ta.

Duk da haka, a wannan daren ba a rasa hoto ko ɗaya ba tukuna. Ga dalili.

Ka ɗauki faifai kamar gidan haya mai ɗakuna dubbai, da littafin da mai gida ke rubuta wane yana ɗaki kaza. Gogewa ba ta shiga ɗaki ta fitar da kaya. Sunan ɗan haya ake sokewa a littafi, a rubuta ɗaki ba kowa. Kayan suna nan har ranar da sabon ɗan haya zai zo a ba shi ɗakin. A filash ɗin yaron, mai tsarin FAT32, harafin farko na sunan fayil ake sauyawa da wata alama, a kuma share bayanin da ke nuna jerin ɗakunan da fayil ɗin ya mamaye. Shi ya sa manhajojin dawo da fayil ke nuna IMG_0412 a matsayin _MG_0412. Katin kuwa, da yake ya haura gigabait 32, tsarin exFAT ne da shi, wanda Microsoft ta fitar a 2006. A can ma alama kawai ake sauyawa a littafi. Da a daren Lahadi aka zare su biyun aka kawo mini da safe, ina da yaƙinin hotuna 2,140 ɗin nan za su dawo, galibinsu da sunayensu.

Litinin

Yaron bai kira kawunsa ba. Ya san halinsa da faɗa, ya kuma san darajar wannan biki a wurinsa. Ya ce a ransa zai gyara kafin a gane. Ya ajiye katin inda aka saba ajiyewa ya tafi gida, bai runtsa ba.

Da asuba mai situdiyon ya zo ya ɗauki katin, ya sa a kyamara, ya yi masa fomat kamar kullum, ya wuce Gangare. Ya ɗauki hotunan suna 410. Kyamara daga ɗakunan farko take fara cikawa, kuma a ɗakunan farko hotunan kamu suke zaune, tunda su aka fara ɗauka. Kowane hoton jariri da rago da maƙwabta ya sauka a kan hoton kamu.

A daidai lokacin yaron yana situdiyo yana nasa ƙoƙarin. Ya sauke Recuva, wadda manhajar dawo da fayil ce mai kyau, ni ma ina amfani da ita. Ta nuna masa jerin sunayen hotunan da ke filash, ransa ya yi sanyi. Ya zaɓi na ɗaurin aure, kusan 700, saboda a ganinsa su ne mafi muhimmanci. Da ta tambaye shi inda za ta ajiye, laftof ba wuri, sai ya nuna mata filash ɗin nan dai. Manhajar ta gargaɗe shi, ya wuce. Garin neman gira aka rasa ido: hotunan da yake tsamowa suka riƙa sauka a ɗakunan da littafi ya ce ba kowa, ɗakunan nan kuwa su ne na kamu, da wani yanki na ɗaurin auren kansa. Da ya buɗe abin da ya samu, wasu sun buɗe, wasu rabinsu toka-toka, wasu sun ƙi. A nan gwiwarsa ta yi sanyi. Bayan isha'i ya ce, "Kawu, akwai maganar da nake so in faɗa maka."

Na faɗa wa mai situdiyon a gaban yaron, kuma ina maimaitawa a nan domin masu yara a shago su ji. Danna maɓallin bai cinye hoto ko ɗaya ba. Awa ashirin na shiru ne suka cinye su, shirun kuma tsoro ne ya haife shi. Hausawa na cewa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, amma yaro ba zai fitar da abin da ke cikinsa ba idan ya san mari ko kora ke jiransa. Na ce, "Alhaji, da ya san zai iya buga maka waya tsakar dare ya ce na yi ɓarna, da ba mu zauna nan ba." Bai ji daɗin maganar ba. Bai kuma musa ba.

Abin da na yi a kan tebur

Farko na tura ɗan makullin da ke gefen katin zuwa ƙasa don kada a rubuta komai a kansa. Ban buɗe kati ko filash a Windows ba. Na tayar da kwamfutata da Linux, na yi amfani da manhajar ddrescue na ɗauki kwafin kowannensu sukutum, ɗaki bayan ɗaki, har da waɗanda littafi ya ce ba kowa, na ajiye a babban faifan waje. Daga nan na sa asalin a ambulan na rufe. Duk aikin da ya biyo baya a kan kwafin na yi shi, domin idan na yi kuskure in sake ɗaukar wani. An ɗauke wuta ana tsakiyar kwafar kati, batir ya riƙe mu har aka tayar da janareto.

A kan katin, littafin ya riga ya tafi, fomat ya shimfiɗa sabo. Saboda haka manhajar da ke dogara da littafi ba ta da abin karantawa. Na koma ga PhotoRec, ta kyauta, wadda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta tare da 'yar uwarta TestDisk. Ita ba ruwanta da littafi. Ɗaki-ɗaki take bi tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita. Hoton JPEG, alal misali, kullum da FF D8 FF yake farawa. Idan ta ga alamar sai ta bi bayanan har inda hoton ya ƙare. Wannan dabara tana aiki sosai idan fayil yana zaune a ɗakuna masu jere, kuma a nan al'adar mai situdiyon ta yin fomat kafin kowane aiki ta taimake mu, domin kyamarar ta jera hotunan ɗaya bayan ɗaya ba tare da giɓi ba. Mun kuma yi sa'a fomat ɗin na sama-sama ne. Wasu kyamarori suna da mai zurfi wanda ke share katin da gaske, haka cikakken fomat na Windows tun daga Vista sifili yake rubutawa a ko'ina. Bayan irin wannan babu abin tsamowa.

PhotoRec ba ta dawo da suna ko folda. Lambobi take ba fayiloli, ta zuba su a gauraye. Amma kowane hoto yana ɗauke da ranar da lokacin da aka ɗauke shi a cikin cikinsa, kuma agogon kyamarar daidai yake. Da manhajar ExifTool na sake jera su bisa lokaci, Juma'a dabam, Asabar dabam, Lahadi dabam.

Sai wani abu ya fito da ban nema ba: ɗaruruwan hotuna na bukukuwan baya, wasu sun haura shekara, suna kwance a ɗakunan ƙarshe na katin inda sabon aiki bai taɓa kaiwa ba. Matan mutane ne a cikin gidajensu, wurin sa lalle, wurin kwalliya. An yi wa katin nan fomat sau da dama, suna nan. Na goge su daga faifaina a gaban mai situdiyon. Duk mai shirin sayar da tsohon kati ko filash, ko ba da aronsa, ya kamata wannan ya tsaya masa a rai, kuma mu masu wannan sana'a amana ce a wuyanmu.

Filash ɗin bai ba mu sabon abu mai yawa ba. Yankin kamu ya mutu a can ma. Amfaninsa shi ne jerin sunaye da ya rage, wanda da shi na gane adadin da ya ɓata da kuma lambobinsu.

Laftof

Fatan mai situdiyon duk yana kan laftof. Ya ce ai ranar Asabar kawai ya goge foldar kamu, kuma bai zuba wani abin kirki a kanta ba tun lokacin. Da tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, da maganarsa tana da ƙarfi. Amma SSD ne, faifan zamani wanda ba ya juyawa.

SSD ba ya iya rubutu a kan ɗaki mai kaya sai ya share shi tukuna, sharewar kuma tana cin lokaci. Don kada ya yi nauyi, tun daga Windows 7 ta 2009 kwamfuta tana aika masa wani umarni mai suna TRIM duk lokacin da aka goge fayil na dindindin, tana gaya masa ɗakuna kaza ba a bukatarsu. Shi kuma sai ya share su da kansa a bayan fage, ko da ba wanda ya zo neman haya. Littafin faifan laftof ɗin, mai tsarin NTFS, ya nuna mini sunaye 580 cif, kowanne da girmansa da ranarsa. Na tsamo guda goma na buɗe cikinsu, sifili ne daga farko har ƙarshe. Wannan shi ne ya fi yi masa ciwo, domin ya ga sunayen da idonsa a allo, ya zaci an gama. Wayoyin zamani ma kusan haka suke, ga kuma kulle bayanai da suke yi. Abin da ya fita daga kwandon waya, wanda a iPhone kwana 30 yake riƙewa, da wuya wani mai shago ya dawo maka da shi, komai alƙawarin da ya yi maka.

Abu ɗaya laftof ta ba mu. Windows tana ajiye ƙananan hotunan da take nunawa a folda cikin wani fayil nata na daban, kuma gogewar ba ta shafe shi ba. Da yake mai situdiyon ya duba foldar kamu a daren Juma'a, na samu da yawa daga cikinsu a nan. Girmansu bai wuce na hoton fasfo ba, ba sa wankuwa, amma ana gane fuska.

Lissafi, da zuwa gidan Hajiya

Na Asabar da na Lahadi sun dawo duka daga kati, ban da guda shida da suka fashe, waɗanda na cike huɗu daga filash. Gajerun bidiyo bakwai da ya ɗauka da kyamarar, uku ne suka yi wasa, domin bidiyo ya fi hoto saurin lalacewa idan aka rasa littafi. Na kamu kuwa 163 muka samu daga 580, duk na ƙarshen taro, lokacin rawa da liƙi. Farkon taron ya tafi, shigowar amarya, cinikin da ƙawaye suka yi da dangin ango, fesa turare.

A cikin abin da ya tafi akwai kakar amarya. Tsohuwa ce da aka ɗauko daga Wase, ba ta son hoto, ranar ce ta yarda. Ta zauna a farkon taro ta dafa kan jikarta ta yi mata addu'a, sanyi ya kore ta ciki. Mai situdiyon ya ce ya ɗauke ta ya fi sau ashirin, kuma Hajiya, uwar amarya, ta riga ta ce wannan hoton za a wanke babba a sa a falo.

Na tuna masa da 14 da ya tura ta WhatsApp. Muka kira ƙawar amarya, suna nan a wayarta, kuma ɗaya daga ciki na kakar ne, hannunta a kan amarya. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa girma idan ba a matsayin takarda aka tura shi ba, saboda haka na falo ba zai yiwu ba, zai dusashe. Amma ya isa a wanke shi daidai shafin albom.

Ya roƙe ni in raka shi Rikkos don in yi bayani, na ce bayanin nasa ne, ni dai zan zauna kusa. Ya faɗa wa Hajiya gaskiya, bai ambaci yaron ba, ya ce a situdiyonsa aka yi kuskure. Ta yi shiru na wani lokaci, ta ce, "Malam, kuɗin ba shi ne damuwata ba. Inna ba za ta sake zama gaban kyamara ba." Ya nuna mata ɗayan da ya tsira a wayarsa. Ta karɓa ta daɗe tana kallo, ta ce a wanke guda uku, ɗaya a kai Wase. Ya mayar mata da kuɗin ranar Juma'a, ta karɓi rabi. Daga baya 'yan matan da suka halarta suka tattaro abin da suka ɗauka da wayoyinsu, aka cike shafukan kamu da su.

Mai situdiyon ya sayi katuna biyu ƙari da babban faifan waje guda biyu. Yanzu ba a taɓa katin biki sai an miƙa albom, kuma hotuna sai sun zauna a faifai biyu kafin a ce an kwafe, ɗaya a shago, ɗaya a gidansa. Waɗanda aka zaɓa yana ɗora su a Google Drive idan data ta samu, can ma kwandon kwana 30 yake riƙewa. Yaron yana nan. Makon jiya ya zo da kansa da wani filash na wata ɗaliba da ta goge kundin digirinta a shagon buga takardu, a naɗe cikin takarda, ya ce, "Oga, minti goma ke nan da gogewa, ban bari an sake sa shi a kwamfuta ba." Mun samu kundin cikakke kafin la'asar.